IDAN AKWATIN SARRAFA GIDA YA RIKITA KEBUL: YADDA AKE GANO INDA CIWON YAKE

Daga Wakilinmu

A 'yan shekarun nan wani ɗan ƙaramin akwati ya shiga gidaje da ofisoshi da dama a duniya. Girmansa bai wuce tafin hannu ba, amma shi ne ke ba fitilu da makullan ƙofa da kyamarorin tsaro da na'urorin sanyaya ɗaki umurni. Mai gida yana zaune a wurin aiki sai ya taɓa wayarsa ta hannu, fitilar zaure ta kama, ko ƙofar waje ta kulle kanta. Wannan shi ne akwatin sarrafa gida, kuma amfaninsa a fili yake.

Amma akwai wani kuka da masu gyaran kwamfuta suka saba ji. Tun ranar da aka haɗa akwatin, sai kwamfutocin da ke kan kebul, waɗanda a da ba su ba kowa wahala ba, su soma nawa. Firinta ta ɓace, shafin intanet ya ƙi buɗewa, wani lokaci ma sadarwar gidan ta tsaya cik. A ofis wannan yana nufin aikin yini guda ya salwanta. Ga ɗalibi kuwa yana iya zama sanadin rasa lokacin miƙa aikinsa.

Abin da ke fara faɗo wa yawancin mutane a rai shi ne amon rediyon akwatin ne ke kutsawa cikin kebul. Saboda haka sai su matsar da shi nesa, ko su sayo sabon kebul mai tsada, ko su yi ta damun kamfanin da ke ba su intanet. Kuɗi ya tafi, ciwo yana nan. Haƙiƙa da wuya rediyon akwatin ya taɓa kebul. Idan akwatin na da laifi, galibi laifin yana cikin saƙonnin da yake zubawa a kan kebul ɗin, ko yadda aka haɗa shi, ko kuma adaftar da ke ba shi wuta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da alamarsa, kuma mai haƙuri zai iya gane ta ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

ASALIN AKWATIN DA AIKINSA

Tunanin sarrafa kayan gida daga nesa ba na jiya ba ne. A shekarar 1975 kamfanin Pico Electronics na ƙasar Sikotland ya ƙirƙiro tsarin X10, wanda ke aika umurni ta cikin wayoyin lantarkin gida. Daga baya rediyo ya karɓi aikin. A 2003 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar da aka gina tsarin Zigbee a kanta, a 2012 kamfanin Philips ya fito da fitilun Hue tare da akwatinsu, a 2014 kuma Samsung ya sayi kamfanin SmartThings. A watan Oktoba na 2022 aka fitar da ƙa'idar Matter domin kayan kamfanoni daban-daban su riƙa fahimtar juna.

Aikin akwatin aikin tafinta ne. Ta gefe guda yana magana da fitilu da makullai ta rediyo mai ƙaramin ƙarfi. Ta ɗaya gefen kuma yana magana da rauta, watau na'urar da ke haɗa gida da intanet, kuma sau da yawa ta kebul yake wannan maganar. Idan na'urorin gidan sun yi yawa akan ƙara suwici, watau wani akwati mai ramuka huɗu ko takwas ko fiye, wanda kebul na kowace na'ura ke shiga cikinsa. Duk abin da za a bayyana a nan yana faruwa ne tsakanin waɗannan ukun: akwatin, da rauta, da suwici.

DALILIN DA KEBUL BA YA JIN AMON REDIYO

Tsarin da kebul ke aiki da shi sunansa Ethernet. Robert Metcalfe ne ya tsara shi a 1973 a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya ta Amurka, shi da abokin aikinsa David Boggs. A 1990 aka amince da ƙa'idar da ta ba da damar amfani da irin kebul ɗin da aka sani yau.

Wanda ya yanka wannan kebul zai tarar da siraran wayoyi takwas, an murɗe su bibbiyu kamar igiya. Murɗin nan shi ne sirrin abin, kuma dabarar tsohuwa ce, domin Alexander Graham Bell ya yi mata rajista tun 1881 saboda layukan tarho. Ana aika saƙo ɗaya ta wayoyi biyu, ɗaya kishiyar ɗaya, mai karɓa kuma bambancin da ke tsakaninsu kaɗai yake karantawa. Idan wani amo ya zo daga waje, yakan faɗa wa wayoyin biyu daidai wa daida, saboda haka bambancin ba ya canzawa, amon ya tashi a banza. Bugu da ƙari, a bayan kowane rami akwai ɗan ƙaramin taransifoma da ke raba kebul da cikin na'ura, wanda ƙa'ida ta ce ya jure bolt 1,500.

Sa'an nan akwai tazara mai yawa tsakanin inda biyun ke aiki. Rediyon Zigbee yana kan gigahaz 2.4, kebul na Cat5e kuwa an auna shi ne zuwa megahaz 100. Abin mamaki, cutar da aka tabbatar ta fi zuwa ta akasin haka. A 2012 kamfanin Intel ya wallafa wani bincike da ya nuna cewa ramukan USB 3.0 da wayoyinsu suna fitar da amon da ke danne rediyon gigahaz 2.4. Shi ya sa masu amfani da 'yar sandar Zigbee da ake cusawa a kwamfuta suke sa mata doguwar waya domin ta yi nesa da ramin. To, idan fitilu ne suka daina amsa umurni, a nemi laifi wajen rediyo. Idan kuwa kwamfutocin kan kebul ne suka tsaya, a duba abubuwan da ke tafe.

DA'IRA DA GUGUWAR SHELA

Mafi muni a cikin cututtukan nan ita ce da'ira. Kowace na'ura tana da lambarta ta haruffa 12 da aka ba ta tun daga masana'anta, suwici kuma yana rubuta ramin da kowace lamba take, yadda zai kai saƙo ga mai shi kaɗai. Amma akwai wani irin saƙo da ba na mutum ɗaya ba, watau shela. Idan kwamfuta tana cigiyar firinta, ko tana neman adireshi, shela take yi, suwici kuma ya fitar da ita ta kowane rami ban da wanda ta shigo.

Wannan tsari yana tafiya lafiya muddin hanya ɗaya ce tak tsakanin kowaɗanne na'urori biyu. Da zarar hanya ta zama biyu, shelar da ta fita ta nan sai ta dawo ta can, suwici ya ɗauke ta a kan sabuwa ce ya sake fitar da ita. Saƙon Ethernet ba shi da wa'adi, babu wani ƙidaya a jikinsa da zai ce ya isa haka. Saboda haka zai yi ta zagaye, sababbin shela suna ƙaruwa a kansa, har cikin 'yan daƙiƙu kebul ya cika maƙil, saƙon kowa ya rasa hanya. Wannan ita ce guguwar shela.

Yaya akwatin sarrafa gida ke jawo haka? Akwatin da ke da rami ɗaya, kuma rediyonsa na Zigbee ne kawai, ba ya iya yin da'ira. Hatsarin yana wurin na'urar da ke da ramuka biyu aka cusa duka biyun a suwici ɗaya, ko wadda ke haɗe da kebul kuma tana miƙa saƙonni ta Wi-Fi zuwa wata 'yar uwarta da ita ma ke kan kebul. Ido ba ya ganin hanya ta biyun domin a iska take, amma da'ira ta riga ta rufe. Masu lasifikokin Sonos sun san wannan sarai, domin da yawa daga cikin lasifikokin suna ƙulla sadarwar rediyo tsakaninsu, kamfanin da kansa kuma ya fitar da bayanin yadda za a saita suwici idan za a haɗa fiye da ɗaya da kebul. Haka nan na'urorin faɗaɗa Wi-Fi, waɗanda wasunsu ke ɗauke da akwatin sarrafa gida a cikinsu.

Maganin da'ira ya samu tun 1985, lokacin da Radia Perlman, wata injiniya a kamfanin Digital Equipment Corporation, ta tsara abin da ake kira STP, watau tsarin rassan bishiya. Reshen bishiya yana rabuwa amma ba ya komawa ya haɗu da ɗan uwansa, haka ake so sadarwa ta kasance. Suwici-suwici suna aika wa juna ɗan saƙo kowane daƙiƙa 2, su zaɓi ɗaya ya zama saiwa, sa'an nan su toshe duk ramin da zai rufe da'ira. IEEE ta mai da shi ƙa'ida a 1990. Tsohon tsarin yakan ɗauki daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ya buɗe hanya, wanda aka fitar a 2001 kuwa 'yan daƙiƙu suka ishe shi. Matsalar ita ce yawancin ƙananan suwici masu araha ba su da wannan tsari, wasu ma haɗiye saƙon suke yi, na'urorin da ke ƙoƙarin kare kansu su kasa ganin juna.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙananan gidaje kaɗai abin ke kayarwa. A watan Nuwamba na 2002 sadarwar asibitin Beth Israel Deaconess da ke birnin Boston ta rushe na kusan kwana huɗu bayan da tsarin rassan bishiya ya rikice, har likitoci suka koma rubuta umurni da sakamakon gwaji a takarda.

Alamar da'ira ba ta ɓuya. Duk 'yan fitilun suwici za su riƙa ƙyaftawa da sauri a lokaci guda babu tsayawa, kowace na'ura kuma ta yanke tare. Idan aka zare kebul ɗin da ya rufe da'irar, nan take kome ya dawo. Gyaran shi ne a bar wa na'urar hanya ɗaya: ko kebul, ko Wi-Fi.

BA A SARKI BIYU A GARI ƊAYA

Ciwo na biyu ya fi wayo, domin ba ya kama kowa a lokaci guda. Ban da lambar masana'anta, kowace na'ura tana bukatar adireshi, wanda a gida galibi yakan fara da 192.168. Rauta ce ke raba waɗannan adireshi ta wani tsari mai suna DHCP da aka wallafa a 1993. Sabuwar na'ura takan yi shelar neman adireshi, kuma galibi amsar da ta fara iso mata ita take karɓa, ba ta tambayar ko wane ne ya amsa.

Wasu akwatunan sarrafa gida rauta ne su ma, kuma daga masana'anta suke zuwa da shirin rabon adireshi a kunne. Idan aka cusa irin wannan akwati a suwicin gida ta ramin da bai dace ba, masu rabo sun zama biyu ke nan. Kwamfutar da ta karɓa daga rauta ta gaskiya ta yi aikinta lafiya, wadda ta karɓa daga akwatin kuwa a nuna mata ƙofar da ba ta fita ko'ina. Gobe abin ya juya, wadda ta yi aiki jiya ita ce ta tsaya yau. Irin wannan ne ke sa ma'aikata su yi ta zargin kwamfutocinsu.

Akwai kuma karon adireshi, watau na'urori biyu su riƙe adireshi ɗaya. Yakan faru idan wanda ya haɗa akwatin ya rubuta masa adireshi da hannu, rauta kuma ba ta sani ba ta ba wata na'ura wannan adireshin. Biyun sai su riƙa ƙwace saƙon juna, kowace ta yi aiki na ɗan lokaci ta yanke.

A ƙasashen da ake yawan ɗauke wuta, irin su Nijeriya, wannan ciwo yana samun ƙarin ƙofa. Duk lokacin da wuta ta dawo, ko aka juya zuwa janareta, na'urori duka suna tashi tare, amma ba su gama shiri tare ba. Ƙaramin akwati yakan riga rauta, ya nemi adireshi bai sami mai amsawa ba. Na'urar da ta shiga wannan hali takan ba kanta adireshi mai farawa da 169.254, wanda ba ya kai ta intanet. Duk wanda ya ga wannan lamba ya san mai rabo bai amsa ba.

A kwamfuta mai Windows, umurnin ipconfig /all yana nuna adireshin na'ura da na wanda ya ba ta shi. Idan mai bayarwar ba rauta ba ce, an kama ɓarawo. Umurnin arp -a kuma yana nuna lambar masana'anta da ke bayan kowane adireshi, haruffa shida na farko suna nuna kamfanin da ya ƙera ta. Gyara shi ne a kashe rabon adireshi a akwatin, sa'an nan a shiga saitin rauta a keɓe masa adireshi na dindindin. Idan aka ɗora rauta da suwici a kan batirin ajiyar wuta, rikicin dawowar wuta ma ya ƙare.

UMURNIN DAKATAWA DA YAWAN SURUTU

A 1997 aka ƙara wa Ethernet wata dabara: na'urar da saƙonni suka yi wa yawa tana iya ce wa suwici ya dakata. A kan kebul mai gudun gigabit, dakatawar ba ta wuce wajen kashi ɗaya cikin talatin na daƙiƙa ba. Amma na'urar da kanta ya ɗaure tana iya maimaita umurnin ba ƙaƙƙautawa. Saƙonnin da ke jiran ta su cika rumbun ƙaramin suwici, shi kuma ya soma dakatar da sauran, gida duka ya tsaya saboda na'ura ɗaya. An fi sanin wannan hali ga wasu akwatunan USB masu ramin kebul, idan aka zare kwamfuta aka bar su da wuta, amma kowace na'ura da ta sandare tana iya yin sa. Bambancinsa da da'ira shi ne fitilun suwici ba sa haukan ƙyaftawa, sadarwa ce kawai ta mutu shiru.

Sai kuma surutu. Kayan gida na zamani suna yawan sanar da kansu domin waya ta gan su. A bisa al'ada wannan ba kome ba ne ga kebul, sai fa idan wata na'ura ta lalace ta shiga maimaitawa, ko an cuce ta daga waje. A watan Oktoba na 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta yi amfani da dubban kyamarori da makamantansu, waɗanda masu su ba su canza kalmar sirrin masana'anta ba, ta kai wa kamfanin Dyn hari, manyan shafuka da dama suka ƙi buɗewa a Amurka. Na'urar da aka kama haka tana cinye hanyar fita ta gidan da take, mai gida kuma ya ga intanet ɗinsa ya yi nauyi bai san dalili ba.

WUTA DA KEBUL

Idan da gaske amon lantarki ne, to wurin da ya fi dacewa a duba shi ne adafta. Adaftar bogi, ko wadda ta tsufa, tana zuba amo a cikin wayoyin wutar gida. Wanda wannan ya fi cutarwa shi ne mai amfani da na'urorin da ke bi da sadarwa ta soket ɗin bango, irin na HomePlug, domin saƙonsu a kan waɗannan wayoyin yake tafiya, tsakanin wajen megahaz 2 zuwa 30 a tsarin HomePlug AV. Adafta ɗaya maras kyau a soket na kusa ta isa ta karya gudunsu. Haka nan adaftar da ba ta ba da isasshiyar wuta takan sa akwatin ya riƙa mutuwa yana tashi, kowane tashi kuma da sabuwar shela da sabon neman adireshi. A karanta rubutun da ke jikin akwatin da na adafta a tabbatar sun dace, musamman ga kayan da aka sayo na hannu ba tare da adaftarsu ta asali ba.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sau da yawa akwatin ba shi ya kawo ciwon ba, tona shi kawai ya yi. Ƙa'ida ta ce kada kebul ya wuce mita 100. Gudun megabit 100 yana bukatar wayoyi huɗu ne kawai, na gigabit kuwa sai duka takwas, saboda haka waya ɗaya da ta tsinke a bakin kan kebul ta isa ta mai da gudu kashi ɗaya cikin goma. Akwai kuma kebul na araha da aka yi da alminiyam aka shafa masa tagulla, wanda ke saurin karyewa. Araha ba ta ado. Kebul ɗin da aka ɗaure tare da wayar wuta na tsawon tafiya, ko aka bi da shi ta jikin inbata ko injin famfo, shi ma yana iya ɗaukar amon da ya fi ƙarfin murɗinsa.

YADDA AKE BIN SAWU

Dokar farko ita ce abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Wanda ya canza kebul, ya kashe rauta, ya matsar da akwati duk a tashi ɗaya, ko da abin ya gyaru bai san abin da ya gyara shi ba, kuma zai dawo. A sami takarda a rubuta lokacin da ciwon ke tashi, da na'urorin da yake kamawa, da ko yana biyo bayan ɗauke wuta.

Na biyu, a sami ma'auni. Akwai ɗan umurni mai suna ping da Mike Muuss ya rubuta a 1983, yana kuma cikin kusan kowace kwamfuta. Yana aika ɗan saƙo ya auna lokacin dawowarsa. A kwamfutar da ke kan kebul a rubuta ping da adireshin rauta, a Windows a ƙara -t domin ya ci gaba. A gida mai lafiya amsa takan dawo cikin wajen kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, ba ta kuma ɓacewa. Idan rauta tana amsawa sumul amma adireshin waje ba ya amsawa, a fara duba adireshin da kwamfutar ta karɓa. Idan daidai yake, maganar ta kamfanin intanet ce. Idan rauta kanta ba ta amsawa, ciwon yana cikin gida.

Na uku, ana kallon ping, a zare kebul ɗin akwatin a bar shi da wuta. Idan amsa ta daidaita, laifin yana cikin abin da yake faɗa a kan kebul, ko da'irar da ya rufe. Idan ba ta daidaita ba, a zare adaftarsa daga bango. Idan wannan ne ya yi magani, a tuhumi adaftar ko ɓangarensa na Wi-Fi. Idan duka biyun ba su canza kome ba, akwatin ya kuɓuta, sai a bi sauran na'urori ɗaya bayan ɗaya ta wannan hanya. A tuna cewa kwamfutar da ta riga ta karɓi adireshin banza za ta ci gaba da riƙe shi ko bayan an cire mai laifin, sai an zare kebul ɗinta an mayar, ko an sake kunna ta.

Na huɗu, a mayar da akwatin a ga ko ciwon zai dawo, domin sau ɗaya yana iya zama dace. Idan ya dawo, a gwada shi da wani kebul da aka san lafiyarsa, sa'an nan a wani rami, sa'an nan kai tsaye a jikin rauta ba tare da suwici ba.

Na biyar na ɗalibai ne da masu son zurfafawa. Manhajar Wireshark, wadda Gerald Combs ya fara a 1998 da sunan Ethereal aka canza mata suna a 2006, kyauta ce, tana kuma nuna saƙonnin da ke isowa kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Da ita ake ganin shela ɗaya tana maimaituwa dubbai, ko masu rabon adireshi biyu suna amsa tambaya ɗaya. Umurnin dakatawa kuwa sau da yawa ba ya bayyana a cikinta, sai a ƙidayar suwici mai shafin saiti, inda kuma ake ganin yawan saƙonnin da suka iso a lalace, alamar mugun kebul ko amo. A ofis ko makaranta lalle ne a nemi izini kafin a kunna irin wannan manhaja.

Bayan an gano, a sabunta manhajar cikin akwatin, a canza kalmar sirrinsa. Mayar da shi yadda ya fito daga masana'anta shi ne mataki na ƙarshe, domin a akwatuna da yawa hakan yana goge rajistar kowace fitila da kowane makulli, sai an bi su ɗaya ɗaya an sake haɗawa. Kada garin neman gira a rasa ido. Mai hali yana iya ware wa kayan gida nasu ɓangaren sadarwa daban da na kwamfutoci, amma ya sani cewa kayan Matter sun dogara da saƙonnin sanar da kai da adireshi irin na IPv6, idan aka toshe su gaba ɗaya waya ba za ta ga kayan ba.

RIGAKAFI

Ga ma'aikata, abin lura shi ne ramin kebul da ke bangon ofis ba kamar soket ɗin wuta ba ne da kowa zai cusa abin da ya ga dama. Akwati ɗaya da wani ya kawo daga gida da kyakkyawar niyya yana iya tsayar da bene guda, ma'aikacin sashen kwamfuta kuma ya wuni yana neman abin da ba ya cikin lissafinsa. A sanar da shi kafin a haɗa kome.

Ga mai gida kuma, 'yan abubuwa ne: kowace na'ura hanya ɗaya, mai rabon adireshi ɗaya, adafta ta asali, kebul na tagulla zalla. A liƙa wa kowane kebul 'yar takarda mai sunan inda ya nufa, a kuma ajiye zanen yadda aka haɗa kayan kusa da rauta. Ranar da fitilun suwici suka soma ƙyaftawa tare, wannan takarda ce za ta nuna kebul ɗin da za a fara zarewa.